Gwamnonin Roma a Cikin Wa'azinmu: Wa Ya Ɗaure Musu Gindi?

Masu mulki biyar na Roma ne suka fi fitowa fili a cikin Sabon Alkawari: Bilatus, Sarjiyas Bulus, Galiyo, Filikus da Fastos. Idan muka saurari yadda ake wa'azi a kansu a majami'unmu, za mu iske kowannensu an riga an liƙa masa suna guda an sallame shi. Bilatus matsoraci ne, Galiyo ba ruwansa, Filikus mai son cin hanci, Fastos bai gane komai ba, Sarjiyas Bulus kuwa shi ne mutumin kirki. Ba ƙarya aka yi musu ba. Amma wannan karatu ya yi gajarta, domin yana ɗaukar kowane gwamna kamar shi kaɗai ya faɗo daga sama, ba shi da uba, ba shi da suruki, ba shi da ubangida a fada. Luka bai rubuta su haka ba, kuma mutanen da suka fara karanta littafinsa sun san gidan da kowannensu ya fito.

Mu da muke hidima a ƙasar Kura da Bunkure ba mu da hujjar yin wannan gajeren karatu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin rani ya koyi wani abu. In ruwa bai iso gonar shinkafarsa ko ta tumatir ba, ba ya tsayawa yana zagin ƙaramar magudanar da ke bakin gonarsa. Yakan bi ta sama har ya ga ƙofar da aka rufe, ya kuma tambaya wa ya rufe, don wa aka rufe. Hukuncin da gwamnan Roma ya yanke a Kaisariya ko a Koranti haka yake, daga wata ƙofa ya gangaro.

Da farko mu san cewa waɗannan mutane ba ajinsu ɗaya ba, ko da yake bakinmu yakan haɗa su duka a kira su gwamna. Kubrus da Akaya lardunan Majalisar Dattawan Roma ne. Wanda ake aikawa can ɗan majalisa ne da ya riga ya hau matakan muƙami ɗaya bayan ɗaya, kuma bisa al'ada shekara guda yake yi ya koma gida. Yahudiya kuwa ƙaramar ƙasa ce mai yawan rikici, Kaisar da kansa yake naɗa mata mai mulki daga aji na biyu, wato ajin mahaya dawaki, kuma babban gwamnan Suriya yana iya sa masa hannu. Ɗan majalisa yana da gida da suna da zai koma wa. Mai mulkin Yahudiya kuwa ba shi da wani jari sai yardar Kaisar da ta wanda ya kai sunansa gaban Kaisar.

Galiyo (Ayyukan Manzanni 18:12-17) shi ne wanda muka fi sanin danginsa. Sunansa na yanka Nobatus, ɗan wani masanin iya magana ne mai suna Seneka Babba, mutumin Kordoba a ƙasar Sifaniya. Wani abokin ubansa mai suna Yuniyus Galiyo ya ɗauke shi ɗa, daga nan ya sami sunan da Luka ya kira shi da shi. Ƙanensa shi ne Seneka masanin falsafa. An kori wannan Seneka zuwa tsibirin Korsika a shekara ta 41, aka dawo da shi a 49 don ya zama malamin Niro, yaron da zai gaji sarauta. Ba a yi shekara uku da dawowarsa ba sai ga wansa a kujerar Akaya. Wani rubutu da aka tono a kan dutse a Dalfi, wasiƙar Kaisar Kalaudiyas ce, ya ambaci Galiyo a matsayin abokin Kaisar kuma mai mulkin lardin, shi ne ya ba masana damar tsai da zamansa a Akaya wajen 51 zuwa 52. Kusan duk lissafin shekarun tafiye-tafiyen Bulus a kan wannan dutse aka ɗora shi.

To, me wannan ya ƙara mana? Mukan yi wa'azi cewa Galiyo misali ne na mai halin ko-in-kula ga bishara. Wasu kuma sukan juya su yabe shi, wai ya raba addini da mulki, ya kāre 'yancin wa'azi. Mu muna ganin duka biyun sun wuce abin da nassin ya ce. Mutum ne da yake da wata goma sha biyu a lardi, ƙanensa yana cikin fada, kujerar da ta fi wannan tana jiransa a Roma, ya kuwa same ta bayan 'yan shekaru. Rigimar 'yan majami'a a kan Shari'arsu ba za ta ƙara masa komai ba, tana dai iya ɓata masa takarda. Ya kori ƙarar tun Bulus bai buɗe baki ba. Amma a gaban kujerar shari'ar nan aka kama Sastanisu, shugaban majami'a, aka yi masa dūka, Galiyo bai ɗaga kai ba. Wanda zai yabi Galiyo saboda Bulus ya tsira, sai ya faɗa mana abin da zai ce wa Sastanisu. Ƙarshen gidan ma abin lura ne. Niro ya tilasta wa Seneka kashe kansa a 65, ɗan ƙanensu Lukan mawaƙi ya mutu a wannan shekara, ƙanen nasu Mela ya bi baya a 66, Galiyo ma bai daɗe ba bayan mutuwar Seneka. Igiyar da ta ja su sama ita ce ta jawo su ƙasa gaba ɗaya.

A kan Sarjiyas Bulus (13:6-12) sai mu taka a hankali, don a nan ne masu son kāre Littafi Mai Tsarki da duwatsun tarihi suka fi yin gaggawa. An sami rubuce-rubuce da ke nuna cewa gidan Sarjiyas Bulus babban gida ne a Antakiya ta Bisidiya, suna da filaye a wannan yanki. Luka kuwa ya ce da Bulus da Barnaba suka bar Kubrus, ba su daɗe a bakin teku ba sai suka haura duwatsu zuwa wannan Antakiyar. Wasu masana suna ganin mai mulkin ne ya nuna musu hanyar garinsu, wataƙila har da wasiƙa zuwa ga dangi. Zato ne mai kyau, ya kuma dace da yadda duniyar nan take tafiya a lokacin. Amma zato ne. Akwai kuma wani dutse a Roma mai ɗauke da sunan Sarjiyas Bulus a cikin masu kula da gāɓar kogin Tibar a zamanin Kalaudiyas, wato ma'aikacin ruwa kamar waɗanda muke gani a Kadawa. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa ɗan'uwansa ne, domin a gidajen Roma suna ɗaya yakan bi kaka da uba da jika. Mai wa'azi yana iya faɗin wannan in ya ce "mai yiwuwa". In ya cire wannan kalma don wa'azi ya yi daɗi, ya koya wa ikkilisiya ta gina bangaskiya a kan abin da wani sabon tono zai iya rushewa gobe.

Haka ma batun Bilatus. An sha faɗa cewa Sijanus, babban na hannun daman Kaisar Tibariyas, shi ne ubangidan Bilatus, kuma da aka kashe Sijanus a 31 sai gaban Bilatus ya faɗi, shi ya sa barazanar da aka yi masa a Yahaya 19:12 ta kama shi. Bayanin yana da daɗin ji, amma babu tsohon marubuci ko ɗaya da ya ce Sijanus ne ya naɗa shi. Labarin da ake yaɗawa cewa matarsa jikar Kaisar Augustas ce ba shi da tushe ko kaɗan. Matiyu 27:19 bai ma ba ta suna ba. Abin da muke da tabbacinsa ya isa. Ya yi mulki daga 26 zuwa 36. Dutsen da aka samu a Kaisariya a 1961 yana ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Wanda ya gada, Balariyus Giratus, ya yi ta sauya babban firist, amma Bilatus ya bar Kayafa a kujera duk shekarunsa goma. Kayafa surukin Hanana ne (Yahaya 18:13), Yosifus marubucin tarihin Yahudawa kuma ya ce 'ya'yan Hanana biyar sun riƙe wannan muƙami. Dangantakar da ta fi bayyana shari'ar Yesu ba sai mun je Roma nemanta ba, tana nan a Urushalima, tsakanin baƙon mai mulki da gida guda na firistoci. Yosifus ya ba da labarin yadda Bilatus ya ɗebi kuɗin baitulmalin Haikali ya gina magudanar ruwa zuwa birnin, jama'a suka yi bore, ya sa sojoji cikin kayan gida suka bi su da kulake. Mu muna tambaya, kuɗin Haikali yana fita ba tare da sanin masu riƙe da mabuɗi ba? Da Bitiliyus gwamnan Suriya ya tura Bilatus Roma saboda kisan Samariyawa a Dutsen Gerizim, bai jima ba ya sauke Kayafa shi ma.

Filikus ne ya fi cancanta mu daɗe a kansa, domin a nan ne karatunmu ya fi karkata. Filikus 'yantaccen bawa ne. Ɗan'uwansa Falas bawan Antoniya ne, uwar Kaisar Kalaudiyas, ta 'yanta shi, ya zama mai riƙe da lissafin kuɗin daular duka. A 52 Majalisar Dattawa ta ba Falas alamun girma irin na manyan alƙalai, ta kuma yi masa tayin kuɗi sastar miliyan 15. Wajen wannan lokaci ne aka ba Filikus Yahudiya, abin da ba a saba yi wa 'yantaccen bawa ba. Suwetoniyus ya ce 'ya'yan sarauta uku ya aura. Wadda Luka ya ambata, Durusila, 'yar Hirudus Agaribas na Ɗaya ce, wanda ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya (12:1-2). Ita ƙanwar Agaribas na Biyu ce da Barniki, waɗanda suka saurari Bulus a sura 25 da 26. Tana auren Azizus sarkin Emesa lokacin da Filikus ya gan ta, ya aika mata wani boka ɗan Kubrus ya rinjaye ta ta bar mijinta. Saboda haka da Luka ya ce Bulus ya yi musu magana a kan adalci da kamunkai da hukunci mai zuwa (24:25), ba jerin darussan ajin baftisma ya karanta musu ba. Kowace kalma tana da inda ta taɓa a ɗakin nan. Wanda bai san auren ba ba zai gane abin da ya firgita mai mulkin ba.

Kuskuren da muke so mu nuna yana wani wuri dabam. Littattafan sharhi da yawa, har da waɗanda muke karantarwa da su, sukan ɗauko hukuncin da Tasitus ya yanke wa Filikus su ajiye shi kusa da nassi kamar shi ma hurarre ne. Tasitus ya danganta muguntar Filikus da asalinsa na bauta. Amma wane ne Tasitus? Ɗan majalisa ne, daga ajin da ya ji ciwon ganin bayin fada suna riƙe da abin da suke ganin gādonsu ne. Bilini Ƙarami, abokinsa, ya ga rubutun yabo a kan kabarin Falas bayan shekaru da yawa, ya rubuta wasiƙu biyu yana huci. Filikus ya yi zalunci, ba mu musa ba. Yosifus ya ce shi ne ya sa aka kashe Yonatan babban firist, mutumin da ya roƙa a turo shi Yahudiya. Amma Bilatus ɗa ne, ba bawa ba, bai kuwa fi shi tausayi ba. Luka bai ambaci asalin Filikus ko sau ɗaya ba. Da aikinsa ya auna shi: ya san Hanyar sosai, ya ɗage shari'a, ya sa ran kuɗi, ya bar mutum a tsare don neman farin jini. Mu da yawancin membobinmu a ƙauyukan Kano zuriyar Maguzawa ne, waɗanda suka san ɗacin a raina mutum saboda asalinsa, bai dace mu hau bagade mu ari bakin Tasitus ba.

Tarihin ƙasarmu ma zai taimake mu fahimtar Filikus fiye da littafin da aka rubuta a Ingila. A masarautar Kano akwai sarautun gidaje, kamar Madaki na Yolawa, Makama na Jobawa, Sarkin Bai na Dambazawa. Akwai kuma sarautun bayin sarki, Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, waɗanda ƙarfinsu ya fito daga kusancinsu da Sarki, ba daga gidan uba ba. Sarki yakan dogara da su daidai saboda ba su da inda za su jingina sai shi. Kalaudiyas ma dalilinsa ke nan. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka fitar da hakimai daga birni suka zaunar da su a gundumomi, har Razdan Kargil ya ɗaga Ɗanrimi Allah Bar Sarki ya ba shi Waziri, abin da bai yi wa fada daɗi ba kuma bai ɗore ba. Ba mu ce Kano Roma ce ba. Hakimi ɗan ƙasa ne, yana da gona da surukai a cikin mutanen da yake mulka, ya fi kama da gidan Hirudus ko na Hanana. Di'o da Razdan su ne suka fi kama da Fastos, baƙon da aka turo, wanda bai san kan rigimar ba sai ya nemi ɗan ƙasa ya fassara masa (25:13-27). Ko a kwanan nan mun ga yadda kujerar sama take motsa ta ƙasa: dokar 2019 ta sa Kura da Bunkure ƙarƙashin masarautar Rano, ta 2024 ta sāke zanen. Talaka yana gonarsa bai gusa ba, amma ƙofar da zai kai kuka ta sauya.

Wani zai ce, ashe Luka ya yi wa Roma sassauci ke nan, tun da yana ta nuna masu mulki suna cewa ba su ga laifin Bulus ba? Masana da yawa sun faɗi haka, suna cewa ya rubuta wa Tiyofalas ne don ya nuna bangaskiyar nan ba barazana ce ga daula ba. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Mu duba abin da ya biyo bayan kowace wankewa. Bilatus ya ce ba laifi, ya ba da shi a gicciye. Filikus ya san ba laifi, ya tsare shi shekara biyu. Fastos ya san ba laifi, ya nemi mai da shi Urushalima don ya faranta wa manyan gari (25:9). Sau biyu Luka ya yi amfani da kalmar neman tagomashi, a 24:27 da 25:9. Wannan ba yabo ba ne. Marubucin da ya nuna alƙali ya gane gaskiya sarai sa'an nan ya sayar da ita don biyan bashin alheri, ya tuhume shi fiye da wanda ya zage shi kawai.

Kada kuma mu fita daga nan da cewa dangantaka kanta zunubi ce. Ɗan 'yar'uwar Bulus ne ya ji ƙulle-ƙullen kisa ya kai labari (23:16). 'Yancin zama ɗan Roma da ya hana a yi wa Bulus bulala gādonsa ya yi, Lisiyas shugaban soja kuwa da kuɗi mai yawa ya sayi nasa (22:28). Bulus ya yi amfani da abin da gidansu ya bar masa, bai ji kunya ba. Inda ya tsaya shi ne wajen kuɗi. Da bakinsa ya gaya wa Filikus cewa ya zo da gudummawa domin jama'arsa (24:17), ba mamaki daga nan ne kunnen mai mulkin ya tashi. Dokar Roma ta hana gwamna karɓar irin wannan kuɗi tun shekara ta 59 kafin haihuwar Almasihu, amma doka tana Roma, Filikus yana Kaisariya. Ikkilisiyoyin da suka tara wa Urushalima gudummawa za su iya tara kuɗin fansar manzonsu. Ba a yi ba, ya zauna damina biyu.

Wannan tambaya tana zuwa wa kowane fasto a ƙauye, ko ya shirya ko bai shirya ba. Ikkilisiya tana neman takardar fili, ko wurin binne matattu, ko a saki wani memba da aka kama a rigimar iyakar gona. Dattawa za su ce akwai wane, ƙanen matar wane ne, a bi ta wajensa, a kuma haɗa ɗan goro. Bin ta wajen wanda aka sani don a saurare ka a kan haƙƙinka, Bulus ya yi irinsa. Sayen hukunci da kuɗin baiko, bai yi ba. A cikin taron dattawa ba kullum ake ganin iyakar tsakaninsu sarai ba, shi ya sa ya fi kyau a koyar da sura 24 tun kafin ranar ta zo. Sa'an nan mu juya madubin mu dubi kanmu. Sa'ad da majalisar gunduma ta zauna rabon wuraren aiki, wa ake tura wa ikkilisiyar gari mai gidan fasto na bulo, wa ake turawa ƙauyen da ke ƙarshen magudana? Ɗalibanmu sun san amsar tun kafin su gama shekarar ƙarshe, sun san wanda yake da kawu a kwamiti. Mai wa'azin da ya yi tsawa a kan Filikus da Falas ranar Lahadi, ranar Talata kuma ya sa hannu a takardar surukinsa, jama'a suna ganinsa.

Da aka kira Filikus Roma wajen 59 ko 60, manyan Yahudawan Kaisariya suka bi shi da ƙara. Yosifus ya ce roƙon Falas ne ya cece shi a gaban Niro, ko da yake an riga an sauke Falas daga aikin baitulmali tun 55. Falas kansa Niro ya kashe shi a 62. Fastos ya mutu a kan aiki wajen wannan shekara, kafin magajinsa ya iso kuwa, Hanana ƙarami, ɗan Hanana na Linjila, ya tara majalisa aka jajjefe Yakubu ɗan'uwan Ubangiji. Mai mulki na ƙarshe kafin yaƙi, Gesiyus Fulorus, ya sami kujerar a 64 domin matarsa ƙawar Fofiya ce, matar Niro. A 66 ya ɗebi talanti 17 daga baitulmalin Haikali, ƙasar ta kama da wuta. Tibariyas Iskandari, Bayahuden Iskandariya, ɗan ɗan'uwan Filo masani, wanda ya taɓa mulkin Yahudiya daga 46 zuwa 48, kuma ɗan'uwansa ne ya fara auren Barniki, yana cikin manyan hafsoshin Titus sa'ad da aka ƙone Haikali a shekara ta 70.